Sirri da Rowa: Ilimin da ke Kanka, Naka ne ko Amana?

Mai karatu, in dai kai ma'abocin kallon finafinanmu ne, to ka san wannan fitowar. Alhaji na kwance rai a hannun Allah, iyali sun kewaye shi ana ta sharar hawaye. Sai ya kamo hannun babban ɗansa, ya buɗe baki zai faɗi inda ya ajiye takardun gidaje da sunayen waɗanda yake bi bashi. Kafin ya kai ƙarshen magana tari ya sarƙe shi, wuya ya langaɓe, kiɗan tausayi ya tashi. Shi ke nan, an samu rigimar gadon da za ta ja fim har kashi na uku.

Mu 'yan sharhi mun sha yi wa daraktoci tsiya a kan wannan fitowa, muna cewa dabara ce ta wanda labari ya ƙare wa. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Me ya hana Alhaji yin wannan bayani tun yana da lafiyarsa? Shekara talatin yana cin tuwo da yaron nan a kwano ɗaya, bai ga ranar faɗa ba sai da mala'ika ya tsaya masa a ka?

Wannan halin na Alhaji shi ne abin da nake so mu tattauna a wannan watan. Yana nan a ofisoshinmu, yana nan a shagunanmu, yana nan a masana'antarmu ta fim. Inda ya fi ba ni takaici kuwa shi ne laburare, gidan da ba a gina shi don komai ba sai don a raba ilimi. Tambayar a taƙaice ita ce: abin da mutum ya sani, mallakarsa ne da zai iya shiga kabari da shi in ya ga dama, ko kuwa amana ce da za a tambaye shi?

Ilimi kashi biyu ne

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe. Akwai ilimin da ke kan takarda, wanda za ka iya ɗauka ka sa a jaka. Akwai kuma wanda ke cikin ka da hannu da ido. Wani masani ɗan asalin ƙasar Hungary mai suna Michael Polanyi ya yi littafi a kan wannan na biyun a 1966, inda ya nuna cewa kaso mai yawa na sanin ɗan Adam harshe ba ya iya fitar da shi duka. Tambayi mai ɗaukar hoto yadda ya gane hasken yamma ya yi daidai, zai ce maka shi dai ya gani ne. Tambayi mai koko yadda ta san gasara ta yi tsami yadda ake so, za ta yi maka dariya.

Kowane laburare yana da duka biyun. Littattafan da ke kan kanta su ne kashi na farko. Kashi na biyu yana cikin kan ma'aikata: wane kwali ne ke ɗauke da tsofaffin jaridu, wane littafi ne aka rubuta sunansa ba daidai ba a kati, wane kundi ne ke amsa tambayar da ɗalibai ke zuwa da ita kowace shekara. Masanan wannan fanni suna kiran aikin tattara sanin nan da kai shi ga mai buƙata da sunan sarrafa ilimi. Sun kuma yarda cewa kwamfuta kaɗai ba ta yin sa. Abin da ke yanke hukunci shi ne al'adar gidan, wato yadda mutanen wurin suka saba zama da juna idan babu baƙo.

Don mu ga abin da ido, zo mu je ƙasar Yauri a Jihar Kebbi. Na zaɓe ta ne saboda wuri ne da ilimi ya taɓa nutsewa a ruwa a gaban mutanen da har yau wasunsu na raye.

Abin da ruwa ya ci

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku, Yauri da Ngaski da Shanga, a bakin Kogin Kwara. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu aka sake musu matsuguni. Tsohon garin Bussa ya nutse, haka ma gungu-gungu masu yawa, wato tsibiran da Gungawa suka samo sunansu daga gare su.

An lissafa gidaje, an gina sababbi. To amma wa ya lissafa abin da ke cikin kawunan mutanen? Bagunge ya san gungunsa kamar yunwar cikinsa. Ya san inda albasa ke yi, ya san yadda ake ɗaga ruwa da jigo a shayar da ita a rani. Basarke ya san kogin yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ruwan damina na kusa ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can, sannan ya iso nan cikin sanyin hunturu garau da shi. Ya san wane kifi ke bin wanne, ya san ramin giwan ruwa, ya san dutsen da ke fasa jirgi. Ranar da kogi ya koma tafki, wani ɓangare na wannan sani ya zama tarihi, wani kuma sai da aka sake koyonsa daga tushe.

Harsunan da ke ɗauke da wannan sani su ma suna ja da baya. Gungawa na da harshensu, Tsureshe, Shangawa na da nasu, kuma da yawa daga cikin 'ya'yansu yau Hausa suke yi. Mu Hausawa mukan ji daɗin cewa harshenmu na bazuwa. Ya kamata mu tuna kuma cewa duk kalmar da ta mutu a bakin wani tsoho a Shanga, ta tafi ne da sunan wata ciyawa ko wani kifi ko wata dabara.

Kada ka ce ba a rubuta komai ba. An rubuta, da yawa ma. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya buga bayani a kan Yauri a wata mujallar masana ta Landan tun 1930. Wani Ba'amurke, Frank Salamone, ya zauna ya yi nazarin Gungawa da yadda suke rikiɗa su zama Hausawa. Ɗan ƙasa, Farfesa Mahdi Adamu Ngaski, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 a kan Yauri a ƙarni na 19, kafin ya fitar da shahararren littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma a 1978. A New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifi ta ƙasa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, kuma tana da laburarenta. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya bi ƙauyukan bakin tafkin yana ƙirga masunta da jirage da kayan su, ya fitar da rahotanni masu yawa, waɗanda yanzu ana samun su a intanet.

To ga tambaya. Ɗalibi nawa ne a Yelwa ko Wara suka taɓa riƙe kundin Mahdi Adamu a hannunsu? Masunci nawa ne aka koma aka karanta wa abin da aka rubuta a kan tarunsa, da harshen da yake ji? Ilimin tsofaffi na can cikin ƙirji yana jiran ajali. Ilimin masu bincike na can cikin Turanci yana jiran mai buɗewa. Aikin laburare shi ne ya zama zauren da waɗannan biyun za su haɗu su gaisa.

Littafin da aka naɗe a zane

Akwai wani labari na wannan yanki da ya dace da mu ƙwarai. Baturen nan mai yawon gano Kogin Kwara, Mungo Park, ya ratsa ta Yauri, ya halaka a gurguzun ruwan Bussa a 1806. Abin da ya rubuta a ƙarshen tafiyar tasa ya tafi tare da shi. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka iso suna cigiyar takardunsa. Sun yi fiye da wata guda a Yauri ba su samu komai ba. A Bussa ne aka fito musu da wani littafi da aka ce an tsamo daga kogi bayan haɗarin. Mai shi ya naɗe shi a cikin zane, yana ji da shi kamar laya. Da suka buɗe sai suka tarar littafin lissafi ne na matuƙan jirgin ruwa, da 'yan takardu a tsakiya, ciki har da ta kuɗin tela.

Ni ban ga laifin mutumin nan ba ko kaɗan. Ba ya karanta Turanci, amma ya san rubutu abin girmamawa ne, ya kuwa adana shi shekara ashirin da huɗu, gara ba ta ci ba. Wallahi ya fi wasu ma'aikatanmu riƙon amana. Abin da nake so ka lura da shi kawai, littafin ya tsira amma bai amfani kowa ba. Shi yana da uzuri. Mu da muke da difloma da digiri, aka ba mu makullin laburare, mu ma muka naɗe littafin a zane, mene ne namu uzurin?

Halaye uku na gidan

Duk wanda ya yi karatu a makarantar gaba da sakandare a ƙasar nan zai gane waɗannan halaye, ba sai na ambaci sunan kowace makaranta ba.

Na farko, al'adar makulli. Sababbin littattafai na cikin durowar gilashi a ofishin Oga, tsofaffin da suka yage su ne a fili. Kafin ka zagi Oga, duba yadda aka tsara aikinsa. In littafi ɗaya ya ɓata za a ba shi takardar tuhuma. In shekara ta ƙare ba wanda ya karanta ko shafi ɗaya, ba mai tambayarsa. Duk gidan da ke hukunta ɓatan littafi amma bai damu da ɓatan mai karatu ba, to makulli zai haifa.

Na biyu, rowar sani. An tura mutum bita Abuja ko Kaduna don ya koyo yadda ake sa jerin littattafai a kwamfuta. Ya dawo da jaka mai tambari da satifiket da alawus. Abin da ya koyo kuwa ya zama nasa shi kaɗai. Lambar sirrin kwamfutar na kansa. Ranar da ya tafi ɗaurin aure, aiki ya tsaya. Shi kuwa daɗi yake ji, don an ga ranarsa.

Na uku, raina na ƙasa. A kusan kowane laburare akwai wani dattijo, ƙila masinja aka ɗauke shi, ƙila mai jera littattafai ne. Ba shi da takardar kirki, amma ka faɗa masa rabin sunan littafi zai tafi kai tsaye ya zaro maka shi. Ba a kiransa taron ma'aikata, in ma an kira shi, kujeru zai jera. Dokar aikin gwamnati ta ce in ka shekara 35 kana aiki ko ka cika shekara 60 da haihuwa, sai ritaya. Ranar tafiyarsa za a sha lemo, a ba shi agogon bango. Ba wanda zai zauna da shi ko na yini ɗaya ya ce, "Baba, nuna mana." Bayan wata uku sai ka ji ana cewa kwalin jaridun nan ya ɓata. Bai ɓata ba, yana nan inda yake. Wanda ya san wurin ne ya koma ƙauye.

Mu ji ta bakin mai ɓoyewa

Adalci shi ne mu saurari ɗaya ɓangaren, don ba kowane mai ɓoye sani ne mugu ba.

Ma'aikaci zai ce maka: "Na koya wa yaro aiki, da ya iya sai aka ɗaga shi sama da ni saboda yana da takarda kuma yana da uwa a gindin murhu. Yanzu ni ke gaishe shi. In sake koya wa wani?" Wannan magana ce mai nauyi. A wurin da ba a yi wa mutum adalci, saninsa shi ne kawai garkuwarsa.

Dattijon bakin ruwa shi ma zai ce: "Masu bincike sun zo sun zauna a tabarmata, na ba su labarin kakannina, sun tafi sun zama daktoci. Ko kwafi ɗaya ban gani ba, ban ma sani ba ko sun sa sunana." Shi ma yana da gaskiya.

Akwai kuma ilimin da bai kamata a watsa wa kowa ba. Masunta sun daɗe da sanin tsiron magimfa da ke sa kifi ya bugu ya taso. Wanda ya san haddi zai yi amfani da abu kaɗan a inda ya dace. Ka ba wa mai haɗama irin wannan sani, sai ya kashe kifin kududdufi har da 'ya'yansa. Don haka in Sarkin Ruwa ya ƙi buɗe wa baƙo cikinsa a rana ɗaya, ba za mu ce ya yi rowa ba.

To ina iyakar take? Ga yadda nake kallon abin, mai karatu. Sirri yana da magaji, rowa ba ta da shi.

Dubi yadda sana'o'inmu na gado suke. Maƙeri ba ya tara gari ya koya musu yadda ake shayar da ƙarfe. Basarke ba ya shelar abin da ya gada a kasuwa. Amma kowannensu na da yaron da ya zaɓa, yake tafiya da shi, yake gwada haƙurinsa, yana sakar masa abin kaɗan-kaɗan har ya gama. Burinsa kada abin ya mutu a hannunsa, don in ya mutu a hannunsa ya ci amanar wanda ya ba shi. Marowaci kuwa bai zaɓi kowa ba. Burinsa a ce bayan tafiyarsa komai ya lalace, don a san shi ne ke riƙe da wurin. Na farko yana tsare ilimi ne, na biyu yana tsare kujerarsa.

Akwai tambayoyi biyu da za su taimaka wa kowa ya auna kansa. Ta farko, da kuɗin wa ka samu wannan sani? In da albashin gwamnati ka koye shi, a lokacin aiki, a bitar da aka biya da kuɗin jama'a, to jama'a na da haƙƙi a ciki. Ta biyu, wa zai cutu in ka tafi da shi? In amsar ita ce ɗalibi da manomi da matafiyi, to magana ta wuce ta son rai. Malamai sun sha karanta mana hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye, har da ambaton linzamin wuta. Mukan ɗauka da malaman zaure kaɗai ake. Ni dai ina ganin duk wanda aka ba ajiyar wani sani mai amfani ya kamata gabansa ya faɗi.

Amma fa nauyin ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. Shugaban da ke son a raba ilimi a gidansa, sai ya fara tabbatar da cewa wanda ya koyar ba zai zama abin tausayi ba. Ba ka cewa mutum ya ajiye garkuwa alhali kibiya na zuwa.

Abin ya wuce maganar takarda

Wani zai ce duk wannan surutu a kan ƙura da kwali ne? A'a. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutum fiye da 150 a ciki, kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ba ina cewa laburare ne zai hana jirgi nutsewa ba. Kwaɗayin kuɗin lodi da rashin hanyar mota da rashin rigar ruwa duk suna nan. Amma ka yi tunani. Ba duk itatuwan da ke kwarin aka sare ba kafin ruwa ya rufe su a 1968, har yau kututturansu na ƙarƙashin tafkin. Tsofaffin matuƙa sun san inda suke, sun san watan da ruwa ke ja su kusanto sama, sun san kalar gajimaren da in ka gani sai ka nemi gaɓa. Masu bincike kuma na da ma'aunin zurfi da na hawa da saukar ruwa. Yaron da ya sayi inji jiya ya fara lodi yau, daga wa zai ji? In ba a haɗa waɗannan sani biyu an mayar da su abin da zai iya gani ko ya saurara da Hausa ba, to kowane sabon matuƙi zai koyi tafkin ne da rayukan fasinjojinsa. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Yadda ake fitar da abin da ke cikin ka

Ilimin da ke hannu ba ya fita ta hanyar cike fom. Wasu masana biyu 'yan Japan, Nonaka da Takeuchi, sun kawo misali a littafinsu na 1995. Kamfanin Matsushita, masu Panasonic ɗin nan da muka sha kallon kaset a bidiyonsu, sun so ƙera injin yin burodi na gida a 1985, amma burodin ya ƙi yin kyau. Sai wata ma'aikaciyarsu, Ikuko Tanaka, ta je ta zama 'yar koyo a wurin babban mai burodi na wani otal a birnin Osaka. Shi kansa bai iya bayyana sirrinsa da baki ba. Da ta daɗe tana kallo tana kwaɓawa, sai ta lura yana murɗa ƙullin ne a lokacin da yake jan sa. Wannan murɗawar aka koya wa injin.

Ka ga kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zaman yaron shago ke nan, zaman almajiri gaban malam ke nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ma wuce nan. Ba ta tsaya jiran mata su zo inda littattafai suke ba. Ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, ta koya musu karatu a cikin waƙe da harshen da mutane ke ji, suka riƙa kai shi ƙauyuka suna dawowa da tambayoyi. Tsarin 'Yan Taru ke nan. Ba ta da kwamfuta ko ɗaya, amma ilimi ya yi tafiya da ƙafa. Abin da ta mallaka shi ne al'adar da ke ɗaukar koyarwa a matsayin daraja.

Mu ma 'yan fim da marubuta

Kada mu nuna laburare da yatsa mu manta sauran yatsun na kallonmu. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Duk tsawon shekarun nan yana hannunmu. Sanin inda yake ne ya ɓace.

Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, finafinai nawa muka yi, kuma nawa ne furodusoshinsu za su iya fito da uwar kaset ɗin in an nema? Tace hoto fa, editoci nawa ne ke juya wa yaransu allon kwamfuta baya in sun zo wurin da dabarar take? Marubuta kuma, dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku ajiya. Mu nawa muka kai? Da aka tashi tsara jerin littattafanmu na hikaya na 1987 zuwa 2002, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess ne suka fitar da shi a 2004, kuma tarin littattafan na jami'ar SOAS ta Landan. Mun gode musu. Amma abin kunya ne jikan marubuciya ya nemi bizar Ingila kafin ya karanta littafin kakarsa.

Abin da ba ya buƙatar kwangila

Da an taɓo gyara sai a ce babu kuɗi. Ga abubuwan da ba sa jiran kasafi.

Duk ma'aikacin da ya rage wa wata shida ya yi ritaya, a haɗa shi da matashi su riƙa zagaya kantoci tare, ana ɗaukar bayaninsa a waya, a rubuta a ajiye da sunansa a kai. Duk wanda aka tura bita, kada a rufe fayil ɗin tafiyarsa sai ya tara abokan aiki ya koya musu. Wurin ƙarin girma, a riƙa tambayar mutum nawa ka koya wa aiki, mai karatu nawa ka biya wa buƙata. A taron ma'aikata a bar na ƙasa su fara magana kafin Oga ya faɗi ra'ayinsa, don in ya riga su, ba mai musa masa.

Duk mai binciken da ya sha ruwan Yauri ya samu digiri, ya dawo da kwafi, ya kuma taƙaita shi da Hausa a shafi biyu. Ɗaliban Yelwa da Wara da Shanga kuma, wayar da ke hannunku ta fi kyamarar da aka ɗauki finafinanmu na farko. Ku nemi izinin kakanninku, ku ɗauke su suna ba da labarin gungun da aka haife su da harshensu, ku bar musu abin da suka ce sirri ne, ku kai sauran inda za a adana. Wanda yake da shekara goma sha biyar lokacin da ruwa ya taso, yau ya haura saba'in. Lokaci ba ya jiranmu.

Ƙasar Yauri ba ta rasa masu ilimi ba. Ta ba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shugabanni biyu, Farfesa Mahdi Adamu da Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarautar Yauri a 1999. Ƙasar da ta yi wannan ba za ta gaza haɗa ɗaki guda da zai tattara abin da aka rubuta a kanta da abin da tsofaffinta suka sani ba, a kuma bar ƙofarsa a buɗe.

Kai kuma mai karatu, ko ke 'yar'uwa, ba sai kana aiki a laburare ba. Akwai wani abu da ka sani wanda a gidanku ko shagonku ko ofishinku ba wanda ya sani sai kai. Ban ce ka yi shelarsa a kasuwa ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake tambaya guda ne: wane ne magajinka a kansa? In ka iya ambatar suna, to sirri kake riƙe da shi, Allah ya taya ka riƙo. In kuwa ka yi shiru kana lalube, to ka san sunan abin da kake yi, kuma gara ka nemi yaron tun yau da sauran numfashi.

Allah ya sa mu dace.